Kumatun Husna

A Tibiri babu wanda bai san Madam Mubarika ba, ko da ɗansa bai taɓa zama a ajinta ba. Ita ce malamar lakwal, wato makarantar boko, da ke hawa moto, babur ke nan, da kanta, ta rataya usur bisa hijabi, ta shiga cikin yara ta yi tsere da su har ƙura ta sauya wa zanenta launi. Shekara biyu ke nan da ita da waɗansu iyaye mata suka share wani kango a bayan lakwal, suka kwashe ƙaya da fasassun kwalabe, suka raɗa masa suna Filin Asabar. Kowace Asabar da hantsi yaran unguwa sukan cika shi. Maza su yi langa, mata su yi tsallen igiya, daga baya a gama su duka a yi tsere zuwa gindin bedi a dawo. In numfashi ya ƙare musu, a zaunar da su a ba su kunu. Ba tsararon kunun da aka saba ba. Kowace uwa takan zo da abin da hannunta ya iya ɗebowa, wannan gero, waccan wake, wata ƙuli-ƙuli, wata busasshen zogale, a soya na soyawa, a dake su wuri ɗaya, a dama da kauri.

Kafin kunu akwai layi. Ƙananan da ba su kai shekara biyar ba, iyayensu kan jera su a inuwa, Mubarika ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta naɗa wa yaro ɗan madaurin awo a damtse ta ga launin da ya nuna, sannan ta durƙusa ta danna bayan ƙafafunsa da manyan yatsunta biyu, ta ƙirga uku, ta ɗaga. In wurin ya taso ya koma yadda yake, lafiya lau. In ya bar rami, to ruwa ne ya taru a jikin yaron don rashin abinci mai gina jiki, kuma ranar ba gida zai kwana ba, sai likita. Ƙawarta Clémentine, 'yar Dogon Dutsi da ke aikin jinya a garin, ita ta koya mata, ita kuma ta koya wa mata da ba ta san yawansu ba. Kullum abin da take nanata musu shi ne kada su yarda da ido kaɗai, su sa hannu su taɓa.

Maganganu kuwa ta sha su har ta ƙoshi. An ce lakwal ta cinye mata kunya. An ce mijinta Yazid, da yake fatauci ya riƙe shi tsakanin Gaya da Dutsi, ya bar gida babu mai tsawatawa. Ba ta taɓa sunkuyar da kai ba. Wanda ya faɗa a bayanta ta yi kamar ba ta ji ba, wanda ya faɗa a gabanta ta mayar masa da biyu.

Abu ɗaya ne cikin al'adun gida ta riƙe da hannu biyu, shi ne kunyar ɗan fari. Tana da 'ya guda, Husna, mai shekara uku. Yarinyar tana da shekara ɗaya da wata biyu Mubarika ta sake samun ciki, sai uwar mijinta, Inna Asiya, ta zo daga Tungar Idi, wani ɗan ƙauye gaba da Gesheme, ta ce nonon mai ciki ba ya yi wa yaro kyau, ta goye ta ta tafi. Cikin bai zauna ba, ya zube a wata na biyar. Yarinyar kuma ba a dawo da ita ba, don 'yar fari ta kaka ce, kowa ya san haka. Mubarika ta san abin da littafi ya ce game da nonon, amma ta haɗiye. Ta yi wa kanta alkawari cewa duk abin da za a faɗa a kanta a faɗa, amma ba za a ce 'yar Arewa ta rasa kunyar 'yar farinta ba. Ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce "ta wajen Inna". In sun je Tungar Idi takan zauna ta ba yarinyar baya, ta saci kallonta da wutsiyar ido. In ta sayi riga ko takalmi, ta tura a jakar Yazid ba tare da ta ce uffan ba.

Yazid yakan yi mata dariya ya ce, "Wannan abu naku ba aya ba hadisi." Amma shi ma bai taɓa buɗe baki ya ce wa uwarsa ta dawo da yarinyar ba.

A tsakiyar damina, lokacin da lakwal ke hutu kuma rumbuna suka yi ƙasa, matan Filin Asabar suka shirya babban taro, suka gayyaci ƙauyukan kewaye. Tun da safe amalanke ke sauke yara. Mubarika tana tsakiyar fili tana raba masu langa gida biyu, sai ta hango Inna Asiya tana saukowa daga amalanken Tungar Idi, da goyo a bayanta. Murna ta kama ta. Ta juya da sauri ta busa usur.

Sahura, wadda ke riƙe da manyan tukwane kuma bakinta bai san hutu ba, ta ɗaga muciya ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To, mata, yau ake yin ta. Ga ta wajen Inna an sa a layi. Bari mu ga ko takarda ta rage wa Madam 'yar kunya ko ta sheƙe ta duka."

Mata suka bushe da dariya. Wata ta ce, "Ai za ta ɗauke ta ta yi mata kiss irin na nasara."

"Ku dai ku lura da kununku kada ya kama," in ji Mubarika, ita ma tana dariya.

Da aka zo layi ta fara daga farko, tana awo, tana dannawa, tana yi wa kowane yaro wasa. Inna Asiya ce ta tara a jere. Ta sauke Husna ta ɗora ta a cinya, ta lulluɓe ta da zane har ƙafa, ga hular ulu a kanta duk da zafin da ake yi. Fuska kaɗai ke waje. Mubarika ta ga fuskar tun tana kan yaro na bakwai. Kumatu sun cika sun yi tantsan, har suna sheƙi. Ta gama da na takwas. Ta ji filin ya yi tsit a bayanta, har muciyar Sahura ta tsaya. Sai ta miƙe, ta rusuna ta gaida Inna, ta tsallake ta koma kan na goma.

Aka yi guɗa. Sahura ta ce, "'Yar halak. Na janye maganata."

Da aka zo rabon kunu, Mubarika ta zuba wa Inna a ƙoƙo. Tsohuwar ba ta dube ta ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar da ƙoƙon take yi. "Wata dai ta yi jiki bana. Takalmin Sallah ma ya ƙi shiga ƙahwa. Na ruhe ta ne don bakin mutane, ba ni son a gani a hwaɗi."

Kyauta ce tsohuwar ta yi mata, kuma haka Mubarika ta karɓe ta. Ta wuce tana jin daɗi har cikin ƙashinta. Ta hango yarinyar ta kau da kai daga ƙoƙon, ta ji Inna na cewa, "Ba ta son wanga, garin rogo da sukari shi ne nata." Ta kuma lura ba ta sauka ta bi yara ba ko sau ɗaya. Ta ce a ranta baƙunta ce.

Ana kwashe tabarmi Clémentine, wadda ta yini tana ba da maganin tsutsar ciki a ɗaya gefen, ta zo tana fifita da littafinta. "Ma chère, yau kam mun mutu. Kin duba taki?"

"An duba," in ji Mubarika.

Ranar Talata da safe wata maƙwabciya ta shigo da ɗanta, ta ce ita ta manta ko sau nawa ake ƙirgawa. Mubarika ta durƙusa ta kama ƙafar yaron don ta nuna mata. Yatsunta na kan ƙafar maganar takalmin ta dawo mata. Ita ta sayi takalmin nan da hannunta, ana jibi Babbar Sallah. Ta zaɓi wanda ya fi girma da gangan, har mai kanti ya ce zai kai yarinya Sallar baɗi. Wata biyu ke nan. Wace ƙafa ce ke girma haka a wata biyu, a tsakiyar damina, da garin rogo da sukari?

Ba ta san sa'ad da ta bar matar a tsakar gida ba. Ta tada moto.

Hanyar Gesheme ta sha ruwa. Sau biyu tana sauka ta tura moton cikin laka. Rana ta take tsaka sa'ad da ta shiga Tungar Idi. Ta tarar da Inna a gindin rumbu tana tsince yakuwa, Husna na zaune kusa da ita a kan buhu, ba wasa, ba motsi, ta zuba wa ƙasa ido. Mubarika ta yi sallama a taƙaice, ba ta jira amsa ba ta zube gaban yarinyar ta yaye zanen. Ƙafafun sun yi suntum, fatar ta ɗame, a bayan gwiwa har ta fara saɓulewa. Ta danna. Ta ƙirga uku. Da ta ɗaga, ramuka biyu suka tsaya kamar an danna ɗanyen yumɓu. Ta cire hular. Gashin ya yi ja, ya yi laushi, ya bi hular ya fita.

"Mi ya hwaru?" in ji Inna. "Ke, lahiya? Gaban mutane?"

"Inna, wannan ba ƙiba ba ce. Kumburi ne. Yunwa ce."

"Yunwa? A gidana? Ni da nike hana ma bakina in ba ta?"

"Me kike ba ta? Gari da ruwa. Gari da ruwa, safe da maraice. Kin ce nonona guba ne, kin ɗauke ta, ga abin da kika mai da ita. Saura kaɗan ki kashe ta, kina rufe ta da zane wai kada a gani."

Matan gidan sun fito sun yi cirko-cirko. Mubarika ta sungumi yarinyar ta saɓa a baya, ta ja zane ta ɗaure. Sai a lokacin Husna ta yi kuka, wani siririn kuka mara ƙarfi, tana miƙa hannu baya tana kiran Inna. Haka ta yi ta kira har suka wuce Gesheme, sannan muryar ta ƙare.

Clémentine ta dubi ƙafafun, ta dubi ƙawarta. Ba ta tuna mata da maganar ranar Asabar ba. Ta rubuta takarda ta ce, "Wannan ya fi ƙarfinmu a nan. Dutsi za ku, yanzu."

A babban asibitin Dogon Dutsi aka kwantar da su a ɗakin yara masu tamowa. Gadaje a jere, kowace uwa da nata. Aka ce wata madara ce ta musamman za a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, sau takwas a yini da kwana, kuma uwa ce ke bayarwa. Mubarika ta karɓi kofi da cokali. Ita da ta ciyar da 'ya'yan rabin gari, ta san wasanni goma na sa yaro ya buɗe baki. Ta gwada su duka. Husna ta datse haƙora, ta juya fuska ga bango. In Mubarika ta taɓa ta sai ta ƙanƙame jiki kamar wadda za a daka. Ba ta san matar nan ba. Abin da ta sani kawai shi ne ita ce ta zo ta yi wa Inna tsawa ta ɗauke ta.

Aka sa mata siririn tiyo ta hanci. Ta fizge shi. Aka mayar, aka naɗe mata hannuwa da bandeji, ta yi ta goga fuska a katifa har ya fita. A rana ta uku zawo ya kama ta. Likitan, wani dattijo mai magana a hankali, ya kira Mubarika gefe.

"Madam, tiyo zai riƙe ta kwana kaɗan, amma ba zai tashe ta ba. Yaron da ya ƙi abinci da zuciyarsa yana da wuya. Ke ce uwar?"

"Ni ce."

"Wa ta saba ci a hannunsa?"

Ta ce a hannun kakarta.

Yazid ya iso daga Gaya ranar, ya ga 'yarsa ya fita waje ya share ido. Ta ce ya je ya ɗauko Inna. Ya tafi, ya dawo da la'asar shi kaɗai. Ya zauna a bakin baranda yana juya makullin moto a hannu.

"Ta ce ba ta zuwa. Ta ce mai ilimi ta ciyar da abarta."

"Ka gaya mata yadda take?"

"Na gaya mata. Mubarika, tun ranar da kika tafi ba ta ci abinci ba. Matan gida sun ce ko gona ba ta leƙa. Me kika ce mata haka?"

"Gaskiya na gaya mata."

"To, ga gaskiyar nan kwance a ɗaki," in ji shi, ya tashi.

Washegari da sassafe ta bar shi a bakin gadon, ta karɓi makullin. Duk tsawon hanya tana shirya abin da za ta ce, tana rushewa. Ba ta taɓa ba wani haƙuri ba a kan abin da ta san ita ke da gaskiya. Har ta shiga Tungar Idi ba ta sami kalma ɗaya da ta yarda da ita ba.

Inna Asiya na cikin ɗaki, zaune a bakin gadon kara. Mubarika ta cire takalmi a ƙofa, ta shiga ta durƙusa har ƙasa. Ta yi gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gida, ta tambayi damina. Tsohuwar ta amsa kowace da kalma ɗaya.

"Inna, na zo ki yafe mini. Bakina ya yi kaifi."

"Bakinki bai dame ni ba. Na ji wanda ya hi shi."

"Ba ta ci a hannuna. Ba ta ci a hannun kowa. Ke take kira."

Tsohuwar ta juya fuska ga bango. Da ta yi magana, muryarta ta dushe. "Bakwai na haihwa. Huɗu ke raye, mijinki ne na biyar a haihuwa. Ukun da na ruhe, kin san yadda suka tahi? Dukansu bayan yaye. Dukansu da damina. Sai yaro ya yi kumatu, ya yi jiki, in ce Allah ya dube ni. Sai ya daina wasa. Sai ya tahi. Aka ce mini baki ne, mutane sun ga sun yi kyau sun yi magana. Shekara talatin ina jin haushin matan garin ga. Akwai wadda har ta mutu ban ƙara shan ruwan gidanta ba." Ta juyo ta dubi Mubarika ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "Yanzu ke kin zo kin ce yunwa ce. In na bi ki Dutsi likita ya ce haka ne, to wa ya kashe mini ɗiya uku?"

Mubarika ta ji duk abin da ta shirya ya zube. Ta ga ba fushi ke zaune a ɗakin nan ba. Ta so ta ce ai kwanansu ne ya ƙare, kuma ta san haka ne, amma ta san an gaya wa tsohuwar wannan tun shekara talatin, bai hana ta zama a nan ba.

"Inna, ke ba wanda ya taɓa nuna miki. Kin ba su abin da ke rumbu, kin hana kanki. Wanda bai sani ba, me za a ce masa?" Ta dafa ƙirjinta. "Ni na sani. Ni ke koya wa mata. Ranar Asabar tana kan cinyarki, hannuna bai fi taƙi ɗaya da ƙafarta ba. Na tsallake ta don kada Sahura ta yi mini dariya. Aka yi mini guɗa, na ji daɗi. Clémentine ta tambaye ni ko na duba ta, na ce an duba. In akwai wadda za a tambaya a kan yarinyar nan, ni ce. Ban gaya wa kowa ba, ko ɗanki. Ki zo ki ba ta madara, in ya so daga baya ki gaya wa duk wanda kika ga dama."

Ba ta yi kuka ba. Tsohuwar ta dube ta. Can ta miƙa hannu ta jawo mayafinta daga kan igiya.

"Ban taɓa hawa abin ga da mace ke tuƙi ba," in ji ta. "Ki tahi a hankali."

Sun isa Dutsi bayan azahar. Inna ta shiga ɗakin tana ɗingishi don ƙafafunta sun sage. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Ke, uwar ɗakina, haka ake yi? A bar ni da daka ni kaɗai?" Husna ta buɗe ido. Ta ɗaga hannun da aka naɗe ta kama bakin mayafin. Aka miƙo kofi. Tsohuwar ta ɗanɗana ta yatsine fuska ta ce, "Wagga madara ta nasara ko daɗi babu, bari in shanye abata." Yarinyar ta buɗe baki. Cokali ɗaya. Biyu. Mubarika ta matso don ta gani da kyau, sai Husna ta hango ta, ta rufe baki, madarar ta bi gefen kumatu.

Ba wanda ya ce mata komai. Ita da kanta ta ja da baya, ta fita.

Kwana goma sha tara suka yi a asibitin, kuma a baranda Mubarika ta yi su. Ita ke wanke zannuwa, ita ke karɓo madara ta miƙa ta taga, ita ke dafa wa Inna abinci a bayan ɗakin tare da sauran masu jinya. Akwai wani wuri a jikin tagar da labule bai rufe ba, nan take tsayawa. Daga nan ta ga kumburin yana saɓewa. Kumatun suka tafi, ƙafafun suka tsotse, abin da ya rage ɗan ƙashi ne da fata da manyan idanu. Ranar da Inna ta yi wa yarinyar wanka ta ga haƙarƙarinta a fili, ta fito baranda ta zauna kusa da Mubarika, ta rufe fuska da mayafi.

Matan Filin Asabar suka yi ta aiko da gaisuwa. Sahura ta zo da kanta da ƙullin garin kunu, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga. Ta ce, "Madam, wasa nake yi ranar nan." Mubarika ta ce ta sani. Ta cire usur daga jaka ta ba ta, ta ce kada a bar yara su watse, a kuma bi layi har ƙarshe ko 'yar wa ce a ciki.

Da Husna ta fara zama da kanta, ta fara miƙa hannu ga abinci, likita ya ce za a sallame su, amma a riƙa kawo ta awo. Yazid ya ce magana ta ƙare, Tibiri za a wuce da yarinyar, ga likita kusa, ga uwarta.

Inna ta shiga naɗe tabarmarta. Geronta ya nuna a gona, ba mai yanke mata. Mubarika ta dubi yarinyar, wadda ta riƙe zanen kakarta da hannu biyu tun da ta ga ana haɗa kaya. Shekara biyu tana jiran ranar da wani zai faɗi abin da Yazid ya faɗa yanzu.

"A'a," in ji ta. "In an raba su za ta sake rufe baki. Ta koma inda take ci."

"To wahalar da aka sha fa? A mayar da ita ga garin rogo?"

"Ni zan bi su. Lakwal ba ta komawa sai Oktoba."

"In an koma fa?"

"In an koma, moto yana nan."

Suka sauka Tungar Idi da yamma, rana ta yi sanyi. Matan gidan suka fito tarye, suna yi wa Inna barka, suna satar kallon Mubarika da buhun da ta sauke. Ba ta kula su ba. Ta nemi murhu, ta hura wuta, ta auna garin da hannu a gaban Inna don ta ga yawan gero da yawan wake da ƙuli. Tsohuwar ta sa ido sosai, har ta ce a sake nuna mata. Da kunun ya dahu Mubarika ta zuba a ƙoƙo, ta fifita, ta miƙa wa Inna, ta koma can gindin murhu ta zauna inda ba za ta tsare wa kowa ido ba.

Husna ta sha rabi. Ta tsaya tana leƙen matar da ke bakin wuta ta bayan kafaɗar kakarta. Sannan ta ja kunnen Inna ta yi magana, da 'yar muryar da ba ta gama dawowa ba, amma gidan ya yi shiru har kowa ya ji.

"Inna, yaushe baƙuwar za ta tafi gidansu?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Ta dubi ƙoƙon da ke hannunta.

Mubarika ta tura wani itace cikin wuta, ta jira ya kama.

"Ba yau ba," in ji ta. "Shanye sauran."